Gadon kabon faiba a cikin jirgin ruwa, wa ya taɓa gwadawa?

Baban Hanifa: Slm yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen masu sana'ar hannu da injiniyoyin gidan nan. Mahaifinmu masunci ne, a dam ɗin Daberam yake kamun kifi tun muna yara, yanzu ya manyanta ga ciwon baya amma ya ƙi barin ruwa, munyi munyi yace ranar da ya daina shiga ruwa ranar zai kwanta ciwo. To bara muka haɗa kuɗi ni da ƙanena muka sai mashi jirgin faiba na hannu, ɗan ƙarami, da injin Yamaha doki 15. Matsalar itace idan ya saka raga da yamma wani lokacin cikin jirgin yake kwana sai asuba, kuma a ƙasan jirgin yake shimfiɗa buhu ya kwanta cikin laima. Na sa aka yi mashi gadon ƙarfe, na ɗora a sikelin masu hatsi kilo 31 ya yi, jirgin har karkata yake ta gefen da gadon yake, ga tsatsa tun ba a yi wata huɗu ba, sannan ba a barin shi a bakin ruwa sai an ɗauko shi kullum, tsoho da yaro ɗan shekara 13 ne ke ɗaukar shi. Naga ana yin abubuwa da kabon faiba marasa nauyi, shin zai yiwu in haɗa mashi gado da shi anan Daura? Tsawo santimita 180, faɗi 70.

Oga Mai Walda: Wslm Malam. Kilo 31 ai angil ayan mai kauri aka sa maka. Kawo min in maka da fayif mai kusurwa huɗu siriri, ba zai wuce rabin haka ba, in shafe shi da jan fenti sau biyu.

Baban Hanifa: Oga nagode, amma ko kilo 15 ɗin ma yayi ma Baba yawa, daga inda suke ɗaure jirgi zuwa inda mashin ke tsayawa akwai tafiya kuma cikin taɓo ne. So nake wanda zai saɓa a kafaɗa da hannu ɗaya.

Kawu Na Bakin Ruwa: Yaro mi ya hana ku yi mashi gadon kara? Ko na tukurwa in an samu. Mu da shi muka tashi, yaro ƙarami na ɗaukar shi, in ya lalace ka sake wani bayan kaka ba ka kashe ko sisi ba.

Baban Hanifa: Kawu wlh an gwada, sati uku ya yi ya fara baƙi yana wari, igiyar ta saki, kuma karan na danna mashi baya ta cikin yar katifar.

Ɗan Poli: Yaya kabon faiba fa ba wasa bane, shine ake jirgin sama dashi, Boeing 787 kusan rabin nauyin jikinshi irin wannan haɗin ne, motocin tsere ma tun 1981 da McLaren suka fara yin gangar jikin mota dashi kowa ya bi. Zare ne siriri sosai, bai kai kaurin gashin kai ba, ana gasa wani irin zaren roba a wuta sama da digiri 1000 inda babu iska har ya zama kusan zallar kabon. In kaga an rubuta 3K a jikin yadin to kowane sili ɗaya zare 3000 ne a ciki. Wajen nauyi kuwa, in girmansu ɗaya ne da ruwa, ƙarfe ya ninka nauyin ruwa sau 7.8, alminiyon 2.7, shi kuma in an haɗa shi da rezin, ruwan danƙon da ake jiƙa yadin da shi ya daskare, wajen 1.6. Ni dai ina goyon baya a yi, ka sayi bututun kabon guda huɗu ka haɗa firem shikenan.

Injiniya Daga Legas: Slm. Baban Hanifa Allah ya saka da alheri da wannan kula da mahaifi, Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ni ɗan Katsina ne amma aikin gyaran jiragen ruwa na faiba nake anan Legas shekaru da dama, bari in ɗan yi dogon bayani ku yi haƙuri.

Ƙanena Ɗan Poli lissafinka daidai ne amma maganar bututu huɗu nan ne mutane ke faɗawa rami. Bututun kabon mai araha da ake saidawa duk zaren a tsaye yake bin tsawon bututun, in ka huda shi da dirila ka ɗaure noti sai ya tsage kamar rake. Kuma ba a walda shi, kusurwa huɗun nan sai dai a naɗe su da yadi da ifoksi, wato wani irin rezin mai ƙarfi da ake haɗa ruwa biyu ya daskare, kuma wajen haɗin ne yake fara mutuwa. Sannan kabon baya lanƙwasa ya maka gargaɗi irin na ƙarfe, lafiya lau yake har lokacin da zai ce ƙas ya karye gaba ɗaya, tsinin da yake bari kuma kamar allura.

Abinda muke yi a jirgi ba firem bane, allo ɗaya ne mai ciki. Kuma Kawu ne ya faɗi asalin maganar ba tare da ya ambaci sunanta ba. Ku ɗauki karan dawa ku duba, bayan shi ɓawo ne siriri mai tauri, cikin shi totuwa ce wadda farce ma yana lotsa ta. Ka ɓare ɓawon shi kaɗai lanƙwashewa yake, totuwar ita kaɗai yaro na karya ta da yatsa biyu, amma a haɗe har rumfa ake yi dasu. To haka allon yake, fom mai tauri a tsakiya kauri milimita 20, yadin kabon fale biyu a sama fale biyu a ƙasa. In mutum ya kwanta fatar sama na matsewa, ta ƙasa na miƙewa, shi fom aikinshi kawai ya riƙe su nesa da juna kada su zame. In ka ninka kaurin fom ɗin, taurin allon yana kusan ninkawa huɗu alhali nauyin kaɗan ya ƙaru.

Kawu Na Bakin Ruwa: To ashe gadon karan ne dai aka sake ma riga. Madalla, ci gaba muna ji.

Injiniya Daga Legas: Ƙwarai kuwa Kawu. Ga lissafin. 180 sau 70 ya ba mu murabba'in mita 1.26. Yadin kabon mai giram 200 fale huɗu, wajen kilo 1 kenan. In da hannu ka shafa, ifoksi zai ci kusan nauyin yadin, wani kilo 1. Fom mai nauyin kilo 80 a kowace mita kiyubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi), kauri 20, kilo 2. Jimla 4, ka ƙara gefuna da wajen ɗauri ka ce kilo 5.

Yanzu mu cire kabon mu sa yadin faiba na gilas, farin nan da aka sani, mai giram 300 fale huɗu. Yadi kilo 1 da rabi, ifoksi kilo 1 da rabi, fom 2, da gefuna ka ce 6. Kunga bambancin kilo ɗaya ne, bai kai nauyin babbar gorar ruwa ba, amma kuɗin yadin kabon ya ninka na gilas sau da yawa kuma sai anyo odar shi. Saukowa daga 31 zuwa 6 ba kabon ne ya yi ta ba, tsarin karan dawa ne ya yi ta.

Ɗan Poli: Amma Yaya Injiniya kabon yafi gilas tauri nesa ba kusa ba, kar a rage mashi daraja.

Injiniya Daga Legas: Gaskiya ne, kusan ninki uku wajen ƙin lanƙwasa. In gadon kai da ƙafa kawai zai dafa, tsakiya a sake, na kabon zai ɗan lotsa kamar kaurin yatsa, na gilas zai lotsa fiye da ninki biyun haka, mai ciwon baya zai ji shi. Shi yasa tambayar da zan ma Baban Hanifa itace, jirgin nan benci nawa gare shi?

Baban Hanifa: Uku ne, na tsakiyar kusan daidai tsakiyar inda gadon ke zama yake. Yanzun nan na kira ƙanena ya tabbatar min.

Injiniya Daga Legas: To Alhamdulillah an gama. In allon ya hau benci uku tazarar ta rabu biyu, lotsawar ta zama ba komai ba, ko na gilas ba zai motsa ba. Kuma ba ka buƙatar ƙafafu sam.

Baban Hanifa: Injiniya na fahimta wlh, amma zan faɗi gaskiyar abinda ke raina. Mutumin nan da kifi ya biya mana kuɗin makaranta, ina tuna shi yana dawowa da asuba cikin sanyin hunturu hannunshi ya tsage yana jini, ya zauna yana ɗinke raga a zaure. In kilo ɗaya ne zan iya rage mashi a kafaɗa to ina so in rage, ko da kuɗin ya fi. Ba wai dan a ce na kabon bane.

Maman Sadiq: Allah ya yi maka albarka Baban Hanifa. Ni ba na san faiba ba amma na san katifa. Duk abinda zaku yi ku bar mashi ƙofofin shan iska, katifa in ta kwana akan abu mai santsi kamar leda ko tayil, da safe ka ɗaga zaka ga ƙasanta jiƙe da zufa, kwana kaɗan sai fumfuna da wari, balle kuma akan ruwa. Kuma a ɗinka mata riga ta tanfol a ƙasa, yadi a sama, mai zif yadda za a cire a wanke ƙarnin kifi.

Injiniya Daga Legas: Hajiya kin faɗi abinda masu jirgi da yawa ke kuka dashi anan. A huda ramuka jere amma kowane rami sai an shafe bakin shi da ifoksi, in ba haka ba ruwa zai shiga tsakanin fata da fom.

Baban Hanifa tunda haka ne ga tsaka-tsaki. Ka yi fatun da gilas fale ɗaya mai ɗan kauri, sannan ka sayi kabon irin na ɗamara, wanda zaren shi duk tsaye yake, faɗin santimita 5 ko 10, ka shimfiɗa layi uku daga kai zuwa ƙafa a sama da ƙasa. Inda ake buƙatar taurin nan ka sa shi, mita kaɗan zaka saya maimakon yadi guda.

Mai Faiba Sabon Gari: Ni aikin bamba da tankin ruwa nake da faiba a Kano. Rezin da hadina, ruwan da ake zuba ma rezin ya sa shi kamawa, akwai su anan ba sai anje Legas ba. Shawarata tunda zafi ake, ka rage hadina kaɗan dan kar ya kama da wuri, haka muke yi.

Injiniya Daga Legas: Maigida a rezin ɗinku wannan daidai ne, foliyesta ne, hadinar shi digo ake sawa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, in ka rage sai ya jinkirta. Amma ifoksi ba haka yake ba dan Allah kar a gwada. Shi ruwa biyun aure suke, kowane ɓangare sai ya samu abokin shi, in kwalba tace 2 da 1 to 2 da 1 ne, in tace 5 da 1 haka za a yi, ka rage hadina zai zauna da danƙo har abada ba zai taɓa ƙarfi ba. In kana son jinkiri sai ka sayi hadina mai jinkirin kamawa. Kuma foliyesta baya kama kabon da katako yadda ifoksi ke kamawa, sannan yana narkar da farin fom irin na kwalin talabijin nan take.

Mai Faiba Sabon Gari: Toh na ƙaru. Na taɓa zuba shi akan farin fom ɗin kuwa ya cinye shi kamar an zuba ruwan zafi a kan sukari, ban san dalili ba sai yau.

Baban Hanifa: To shi farin fom ɗin zai yi in da ifoksi ne? Dan shi ke samuwa anan.

Injiniya Daga Legas: Ba zai narke ba amma ba zai yi ba, ƙwayoyi ne aka manne, in Baba ya dafa gwiwa sai ya lotsa fatar ta ɓalle daga jikin shi. Fom na jirgi daban ne, na PVC ne mai rufaffen ƙofofi baya shan ruwa, irin su Divinycell da Airex. In bai samu ba akwai hanya ta biyu, kafinta ya maka firem siriri da katakon obece, haƙarƙari duk bayan santimita 15, a rufe sama da ƙasa da filawud mai milimita 4 kamar yadda ake ƙofar filosh, sai a lulluɓe da gilas da ifoksi. Zai fi na fom nauyi amma har yanzu hannu ɗaya ne.

Malam Kafinta: Wannan ta biyun zan iya, obece ba shi da nauyi kuma baya gardama wajen fira. Sai dai a busar da shi sosai kafin a rufe, ɗanyen katako in ka kulle shi ciki ruɓewa zai yi ba ka sani ba. Kuma wajen noti a sa guntun katako mai tauri a ciki.

Oga Mai Walda: To ni a bar min maƙalan da zasu riƙe shi a jikin benci, in yi su da alminiyon tunda ƙarfe ya zama abin gudu.

Injiniya Daga Legas: Oga nan ma akwai magana. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, in ya taɓa alminiyon ga laima a tsakani sai su zama kamar batir, alminiyon ɗin ne ke cinyewa ya koma farin gari. Anan ruwan gishiri abin da sauri yake, ruwan dam ya fi sauƙi amma yana faruwa a hankali. Maganin shi kada su haɗu, fale ɗaya na gilas a tsakani ya isa, noti kuma sitenles. Ni da nine ma ba zan sa ƙarfe ba, igiya ko bel biyu a zagaya benci a ɗaure, in an tashi a kwance.

Kawu Na Bakin Ruwa: Ku saurara nan. Duk wanga lissafi naku na kilo, ku sani ruwa ba nauyi kaɗai yake dubawa ba, inda nauyin ya zauna yake dubawa. Mutum kwance bisa benci ya fi mutum kwance a ƙasan jirgi tsawo, in iskar hadari ta taso da dare jirgin zai fi rawa. Gadon ya zauna tsakiya daidai bisa kashin bayan jirgi, kada a kai shi gefe dan a bar hanya. Kuma a yi mashi ɗan baki a gefe kada tsoho ya juya cikin barci ya gangara. Ba mu manta Bagwai ba, ƙarshen watan Nuwamba na 2021, yara yan Islamiyya da yawa suka tafi a dam ɗin Watari, jirgi ne aka ɗora ma abinda ya fi ƙarfin shi. A sai mashi rigar ruwa shi da yaron, ya kwana da ita a jiki.

Baban Hanifa: Allah ya jiƙansu. Kawu rigar akwai guda biyu tun ranar da aka sayi jirgin, sawar ce sai da faɗa, amma zan sa yayarmu ta mashi magana ita yake ji.

Ɗan Poli: Wani abu kuma Yaya, ka kula da na jabu. Wani abokina ya yi oda a intanet aka kawo mashi yadin gilas da aka rina baƙi. Ka ɗauki mita ta masu gyaran rediyo ka sa a wajen gwada waya, ka taɓa bakin biyu a jikin zaren, in kabon ne zata nuna wuta na wucewa, in gilas ne shiru.

Injiniya Daga Legas: Wannan gwajin daidai ne. Saura maganar zafi, dan Daura ba Legas bace. A watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, ifoksin da aka ce yana ba ka minti 30 zai iya kamawa kafin ka gama rabin allo. Kuma in ka bar shi da yawa a kofi yana ɗumama kan shi da kan shi har ya yi hayaƙi ya narkar da robar. Ka fara bayan sallar asuba, ka dama kaɗan kaɗan kamar giram 150, ka juye a faranti mai faɗi. A auna da ƙaramin sikeli ba da ido ba. Ɗaki a rufe a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. In ka gama shafawa ka rufe da leda ka matse rarar da katin roba, in da hali kwamfuresan tsohon firij yana zuƙe iskar cikin ledar, iskar waje ta danne maka shi ko'ina daidai, in zuƙar ta yi kyau kusan kilo ɗaya ne akan kowane santimita murabba'i. In babu, buhunan yashi bisa allon filawud ma suna taimakawa.

Bayan kwana biyu zafin ranar taku zai maka amfani, ka kwantar da shi a shimfiɗe daidai, ka rufe da baƙar leda ya wuni, wannan gashin yana ƙara ma ifoksi ƙarfi. Amma daga nan a yi mashi farin fenti. Ifoksi na gama gari yana fara laushi wajen digiri 50 zuwa 60, baƙin abu kuwa a ranar Daura yana kai haka, kuma hasken rana na cin shi a hankali.

Wajen yanka da goga sanfefa, takunkumi da safar hannu da doguwar riga dole. Ƙurar tana ƙaiƙayi, ba ta da kyau a huhu, ta kabon kuma in ta shiga cikin giranda tana iya haɗa wuta, ka jiƙa wajen kana yankawa da zarton hannu. Yara su yi nesa.

Baban Hanifa: Yan uwa na dawo bayan sati uku. Na samu fom ɗin ta hannun wani direban tirela da ke zuwa Legas, ɗamarar kabon ma ta iso, na gwada da mita ta yi ƙara. Na fara da ɗan guntu tsawon hannu kamar yadda Injiniya ya ce min ta waya. Na farko kofin ya yi zafi a hannuna ya daskare, da ƙarfe goma na safe na fara shi yasa. Na biyu da asuba ya fito sumul, na ɗora shi kan bulo biyu na hau da ƙafa ɗaya bai ce komai ba. Na kai ma Baba, ya juya shi ya ƙwanƙwasa da farce ya auna a tafin hannu, sai yace a ƙara faɗin ya kai 75 saboda yana kwana da tocila da rediyo a gefen shi. Abu ɗaya na gani, a wani gefe akwai ɗan wuri kamar girman tsabar naira ɗaya da yayi fari fari, in na ƙwanƙwasa ƙarar shi daban.

Injiniya Daga Legas: Iska ce ta maƙale, fom ɗin ya shanye ifoksin ya bar yadin da ƙishi. A babban allon ka fara shafe fom ɗin da ifoksi mai ɗan kauri kafin ka ɗora yadi. Kuma tunda an koma 75, ka auna faɗin jirgin a benci na gaba tukuna, nan ne yake tsukewa.

Baban Hanifa: Toh, gobe Juma'a bayan masallaci zani Daberam da tef in auno.